Kafaffen Shafi da Tsararren Shafi a Cibiyar Manhajar Kwamfuta

Duk wayar Android da ke hannun ɗalibi a Dutse tana aiki ne bisa cibiyar Linux, wato ɓangaren manhaja da ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki a cikin ram. Tun a nan ma akwai tarko ga mai fassara, domin abin da masu sayar da waya ke kira memori shi ne ɗan katin ajiye hotuna da waƙoƙi. Ram kuwa wurin aiki ne na wucin gadi, wanda ke wofinta da zarar an kashe na'ura.

Cibiyar tana yanka ram gida-gida, kowane gida ana ce masa shafi, galibi mai cin bayit 4096. Yayin da manhajoji ke karɓa suna saki, sai wuraren da babu kowa su warwatsu. Idan aka buƙaci fili guda a haɗe, kamar babban shafi na megabayit 2 da ke haɗiye ƙananan shafuka 512, dole cibiyar ta kwashe wasu shafukan ta mayar da su wani gefe. Wannan dabara ta tattara shafuka ta shiga Linux a 2010. Manhaja ba ta ko sanin an matsar da ita, saboda adireshin da take gani na aro ne, cibiyar ce ke riƙe da na ainihi.

Amma akwai shafin da ba ya matsuwa. Misalinsa ɗan kasuwa ne a Shuwarin da ya riga ya faɗa wa ɗan dako lambar rumfarsa. In sarkin kasuwa ya sauya masa rumfa kafin kaya su iso, sai a zube buhunansa a kan kayan wani. Haka katin sadarwa ko kyamara suke rubutu kai-tsaye cikin ram da adireshin ainihi. Shafi ɗaya tak irin wannan ya isa ya hana sauran 511 zama fili guda. Shi ya sa a yau, idan za a riƙe shafi na dogon lokaci, cibiyar kan fara fitar da shi daga yankin da aka ware wa shafuka masu matsuwa, sannan ta kafe shi. A 2020 aka ƙara wa Linux hanya ta musamman ta bambance irin wannan riƙo da sauran, aikin da John Hubbard na kamfanin Nvidia ya jagoranta.

Abin da ya shafi masana Hausa shi ne akwai riƙo na biyu da Turanci ya ba suna dabam: shafin da aka hana fitarwa daga ram zuwa faifan ajiya, amma ana iya sauya masa gurbi a cikin ram ɗin. Mai fassarar da ya dogara da ƙamus kaɗai zai ce wa duka biyun kullalle, ya shafe bambancin da injiniyoyi suka daɗe suna tsefewa. Hausa kuwa tana da kayan aikin. Wanda aka tsare yana iya zagayawa cikin gida, fita ce aka hana shi, don haka tsararren shafi ya dace da na biyun. Abin da aka kafe ba ya motsi ko taku ɗaya, ga kafaffen shafi ke nan. Turke, duk da daɗinsa a kunne, bai cika ma'anar ba, tunda dabbar da ke turke tana kewaya iyakar igiyarta.

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi nasara ne saboda waɗanda suka zaɓi kalmomin su ne masu koyar da nahawu da adabin da ake sa wa suna. A fagen kwamfuta masanin harshe ba shi da wannan gata, sai ya zauna da mai rubuta manhaja ya ji yadda abin ke aiki tukuna. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa suna jiha ɗaya, kuma kalmomi goma sha biyu na sarrafa ram sun ishe su fara wannan zama.