Sikeli da zaren dambe

Duk majalisar da ake hirar dambe a Birnin Kebbi, daga teburin mai shayi har rumfar mahauta, gardama ba ta wuce tambaya ɗaya: in an haɗa wane da wane, wa zai kashe wani? Tambayar akwai daɗin baki, sai dai ba ta auna ɗan dambe. Ƙato mai kilo 100 yana iya buge gwanin da bai kai kilo 60 ba, ko da a iya dambe bai kama ƙafarsa ba. Ni abin da nake tambaya shi ne, da wa mutum ya kara, kuma da kilo nawa aka fi shi ranar da ya shiga fage?

Mu ɗauki Dick Tiger, ɗan Nijeriyar da ya yi tashe a damben Turawa. A 1962 ya doke Gene Fullmer a Amurka, ya zama zakaran duniya a ajin kilo 72 da rabi, ya sake lallasa shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a watan Agustan 1963. A 1966, yana da shekara 37, lokacin da sa'o'insa ke shirin ajiye safar hannu, sai ya hau ajin kilo 79 ya ƙwace kambu daga hannun José Torres. Gajere ne, a wannan aji kusan kowa ya fi shi tsawon hannu. A 1968 ya gamu da Bob Foster, wani dogo kamar falwaya, wanda ya shimfiɗe shi da hagu ɗaya a turmi na 4.

To, shi Foster ɗin fa? Da ya ga ya gama da ajinsa sai ya leƙa wurin manya. Joe Frazier ya kwantar da shi a turmi na 2 a 1970, Muhammad Ali ya ƙarasa shi a turmi na 8 a 1972. In da lissafin majalisa za a bi, Frazier ya fi Foster, Foster ya fi Tiger, shi ke nan an rufe littafi. Hogan Bassey kuwa, wanda ya fara kawo wa Nijeriya kambun duniya a 1957 bayan ya doke Cherif Hamia a Faris, ko sunansa ba za a kira ba, don a ajin kilo 57 ya yi dambensa. Alhali Foster bai rage komai a idon masana ba, ana lissafa shi cikin gwanayen ajinsa na kowane zamani, Tiger kuma hawan da ya yi ne ya ƙara masa daraja. Abin da ya ɗaga Oleksandr Usyk ke nan a zamaninmu: daga ajin kilo 90 ya taso, ya doke Anthony Joshua a 2021 da 2022, ya doke Tyson Fury sau biyu a 2024, a karo na biyu Fury ya fi shi da sama da kilo 20.

Dambenmu na gida a gargajiyance bai san sikeli ba. Ido ne ma'auni. Ana kaɗa kalangu, ɗan dambe ya fito da zarensa a naɗe, ya yi kirari, ya tsallaka ya miƙa wa wanda yake so hannu. Wancan ya karɓa ko ya noƙe, wani lokaci manyan ɓangarensa su riƙe shi su ce ba sa'ansa ba ne. In an shiga, turmi uku ne, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Daɗin abin shi ne ranar da ɗan tsurut zai duƙa ya shammaci dogo da duka ɗaya, fage ya kaure, masu liƙi su manta da kuɗin cefane.

Amma wa aka tuna? Shago da Ɗandunawa muke kira har yau, kuma rabin wannan suna bakin makaɗi Ɗan Anace ne ya riƙe shi. Makaɗi shi ne magatakardan dambe, shi kuwa wanda ya kashe kowa yake bi. Ƙananan da ke share fage kafin manya su fito, waɗanda sau da yawa sun fi su ƙafa da kaucewa, sai su tsufa su koma fawa ko noma ba wanda ya riƙe sunansu. Na tabbata an yi irin su Bassey da yawa tsakanin Argungu da Jega, rashin aji ya binne su.

Masu shirya gasar da ake ɗauka ana sawa a YouTube sun fara raba 'yan dambe aji-aji, wasu dattawan fage na gunaguni wai an cire wa dambe jarumta. Ina jin kukansu, amma ban bi su duka ba. A Matan Fada ma, wurin kamun kifin bikin Argungu, sikeli ke raba gardama, kifin da ya ci gasar 2020 sai da aka ɗora shi aka ga kilo 78, ba wanda ya ce an rage wa masunta bajinta.

Shawarata ga masu shirya bikin Argungu, tunda dambe da kokawa na cikin wasanninsa: a yi aji uku, a auna kowa a gaban jama'a, a rubuta suna da ɓangare, Arewa ne ko Kudu ko Guramada, da nauyi da turmin da aka yi kisa. Ranar ƙarshe a buɗe fage yadda kakanni suka bari, zakaran ƙananan aji in ya ji zai iya ya miƙa wa na manya hannu, mai shela ya faɗi ratar kilon da ke tsakaninsu kafin a tashi kiɗa. Littafin a ajiye shi a gidan tarihi na Kanta, kowace shekara a ƙara shafi.