Gawar Iccen Tenere, gawon Kurfai

Ɗan kasuwar Filinge kan ci kilomita wajen 180 zuwa Yamai, ya sari haja, ya koma gida bai leƙa Gidan Tarihi na Bubu Hama ba. Cibiyar bincike ta IFAN ce ta haifi gidan a 1959. Bayan inuwar itatuwa da namun daji, nan aka killace gawar Iccen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai cikin hamada har mota ta kayar da shi a 1973.

Busasshen iccen nan gargaɗi ne ga Kurfayawa. Gawon Dallol Boso kan zubar da ganye da damina, ya zama taki ga hatsi, da rani kuma ya ciyar da bisashe. Duk da haka gatari bai ƙyale shi ba. Wanda ya sare gawo, rumbunsa ya sara.