Motar da ta tare mana ƙofa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar Isha'i, bakin Hajiyarmu ya karkace, hannunta na dama ya saki. Ni da ƙanena muka rungumo ta muka sa a mota. Ina buɗe get sai ga wata baƙar jif ta tsaya cif a bakinsa, a kulle, ba direba. Maƙwabta na aurar da 'yarsu, lungun ya cika da motocin 'yan biki har bakin titi.

Na shiga gidan bikin ina tambaya mutum-mutum, kiɗa ya hana kowa jin abin da nake cewa. Ƙanena ya ɗauko dutse zai fasa gilashi, wani yaro ya ce a sace iskar tayoyin. Na hana su, don motar da ba iska a tayarta ta ƙara zama daram ke nan. Wata dattijuwa ce ta yi mana dabara. Ta je ta karɓi lasifika a hannun mai kiɗan, ta karanta lambar motar sau uku, ta ce akwai marar lafiya. Kafin mai motar ya fito, mun riga mun ɗauki Hajiya a hannu zuwa bakin titi, mun tare Adaidaita Sahu.

Likitoci sun san shanyewar ɓarin jiki ba ta jira. Idan gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, allurar da ke narkar da shi tana da amfani ne cikin awa 4 da rabi daga farawar ciwon, kuma sai an yi hoton kai kafin a ba da ita. A cikin wannan ɗan lokacin ne wani ya ci mana kusan rabin awa.

Washegari mai motar ya zo ba da haƙuri, na kuma yaba masa da zuwan. Amma abin da ya faɗa ya tsaya mini a rai: "Wallahi Alhaji, gaisawa kawai na shiga yi." Wannan maganar dukkanmu mun taɓa yin ta, a bakin masallacin Juma'a, a gidan ta'aziyya, a ƙofar makarantar yara. Mai ajiye mota lokacinsa kaɗai yake lissafawa, bai san halin da na bayan get ɗin ke ciki ba. Tun muna allo aka koya mana cewa hanya na da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ce. Ta yaya mai gusar da ƙaya zai girke mota a ƙofar mutane?

KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, tun kafa ta a 2012, tana fama da masu tsayuwar ganganci a manyan tituna irin na Kantin Kwari da kasuwar Singa. Lungu kuwa ba jami'in da zai shigo da dare, aikin namu ne. Mai biki ya ware samari biyu su tsara wurin ajiye motoci, kamar yadda yake ware masu rabon abinci. Mai unguwa ya sa wannan cikin sharaɗi kafin a kafa rumfa a kan hanya. Wanda kuma dole ta sa ya tare ƙofar wani, ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya ajiye a jikin gilashin gaba.

Hajiya na gadon asibiti har yanzu. Jiya ta motsa yatsu biyu, muna roƙon addu'arku.