Gidan Badamasi: An Sha Dariya, Saura Tsofaffin da ke Zaure

Duk wanda ya ratsa Kwanar Dangora bayan sallar Isha, ko ya tsaya teburin mai shayi a Tudun Wadan Dankadai, ba zai rasa ganin samari sun haɗa kai a kan waya guda suna ta ƙyaƙyata dariya ba. Sau da yawa abin da suke kallo shi ne Gidan Badamasi, wasan barkwancin nan da Falalu Ɗorayi ya ba da umarninsa, wanda tashar Arewa24 ta soma nunawa a shekarar 2019. An yi wasu zangunan bayan nan, amma zangon farko shi ne ya kafa labarin, kuma a kansa wannan sharhi zai tsaya.

Ga wanda bai kalla ba, Alhaji Badamasi tsoho ne attajiri, ya yi aure-aure, ya tara 'ya'ya barkatai, ga shi kuma da rowa ta fitar hankali. 'Ya'yan nan suka hallara a gidansa, kowa da irin wayonsa, kowa idonsa na kan dukiyar. Shi kuwa tsohon bai mutu ba, bai kuma saki kuɗin ba. A nan dariyar take.

Gaskiya ɗaya ce, masu wasan sun iya, kuma sun taɓa wata cuta da ta daɗe tana cin ƙasar Hausa, wato auri-saki da haihuwa ba tarbiyya. Uban da bai riƙi ɗa yana ƙarami ba, kada ya yi mamaki in ɗan ya girma ya zo yana leƙen aljihunsa. Wannan darasi ne, kuma sun isar da shi.

To amma akwai tambayar da ya kamata mai kallo ya yi wa kansa bayan dariya ta lafa. Me ya tara 'ya'yan Badamasi a gabansa? Kuɗi. To, a cire kuɗin daga labarin, a bar tsufan, a bar ciwon ƙafa da raunin ido, sai a ga me ya rage. Abin da ya rage shi ne tsohon da ke zaune a zaure a Kiru, ko a Bebeji, ko a wani ƙauye bayan dajin Falgore, wanda ba shi da abin da za a yi rububi a kai, saboda haka ba mai zuwa. Badamasi na talabijin ya fi shi sa'a nesa ba kusa ba, don ko ba komai ana yi masa sallama da safe.

Su wane ne waɗannan tsofaffi? Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Gwamnatin Audu Bako ta gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974. Saurayin da yake ɗan shekara 20 a lokacin, yau ya haura 70. Cikinsu akwai waɗanda suka yi leburanci a wajen aikin, akwai waɗanda ruwa ya cinye gonakin gadonsu aka mai da su wani wuri. Ruwan nan shi ne yake shayar da shinkafa da tumatir har su Kura da Kadawa. Akwai kuma waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ramukan kuza na Riruwai. Mafi yawa dai manoma ne, kuma manomi ba shi da fansho. Fanshonsa 'ya'yansa ne. Su kuwa 'ya'yan, talauci ya kora su Abuja da Legas da Fatakwal, wannan yana acaba, wancan yana gadi, wani yana tura baro. Mai kirki a cikinsu yakan turo 'yan kuɗi ta wajen mai POS a ƙarshen wata. Allah Ya saka masa. Sai dai kuɗi ba ya ɗaga tsoho zuwa banɗaki da tsakar dare, ba ya kuma yi masa hira.

A da, abin da yake rufa wa irin wannan tsoho asiri shi ne majalisar sa'o'insa. Bayan La'asar a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ko ƙofar masallaci, a raba goro, a yi ta tsokanar juna da wasan da aka soma tun ana yara. A nan ake sanin wane bai fito ba yau, a tura yaro ya dubo shi. A nan ake sasanta rikicin iyakar gona kafin ya kai gaban mai unguwa, balle alƙali. Samari kan raɓa daga gefe su ji tarihin garinsu ba tare da sun biya ko kwabo ba. Yanzu mutuwa tana ɗauke 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya, kuma samarin da ke raɓawa sun koma kallon tsohon wasan kwaikwayo a waya, alhali na gaske yana zaune taku goma daga inda suke.

Abin lura, har Turawan Ingila, waɗanda ake yawan buga misali da su wajen kai iyaye gidan tsofaffi, sun yi wasa a kan tsufa da ya fi wannan tausayi. Gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri mai suna Last of the Summer Wine tun daga 1973 har 2010, kashi 295, a kan wasu tsofaffin abokai uku da ke yawo a wani ɗan gari cikin duwatsun Yokshaya, ba dukiya, ba gado, sai zumunci da shirme. Da ɗaya daga cikin 'yan wasan, Bill Owen, ya mutu a 1999, zangon da ya biyo baya a 2000 bai ɓoye mutuwar ba. An nuna abokansa suna jimami, an nuna jana'iza. Ba al'adarsu ake yabo ba, akwai abubuwa cikin shirin da Musulmi ba zai yarda da su ba. Amma sun nuna tsoho a matsayin mutum mai aboki, wanda rashinsa ke da ciwo. Masu shirya wasannin Hausa, da suke da majalisar dattawa a ƙofar kowane masallaci, sun fi kowa cancantar yin irin wannan, in sun ga dama.

Ko su kansu tsofaffin da suka ba mutanen Arewa dariya shekara da shekaru, yaya aka ƙare da su? Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja Mazan Fama a 2023. Karkuzu na Bodara kuwa, a Jos, sai da idanunsa suka tafi, ya fito yana neman taimakon muhalli, kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida, sannan Allah Ya karɓi abinSa a 2025. Allah Ya jiƙansu. In wanda duk Arewa ta san fuskarsa sai da ya roƙa, ina ga wanda ko a mazaɓarsa ba a san sunansa ba sai ranar zaɓe?

Ba sai an jira gwamnati ba, don an daɗe ana jira. Addini ya riga ya tsara komai. Ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali, shi ya sa ma ba a ba su zakka, haƙƙinsu ya fi ƙarfin haka. Tsohon da ba shi da ɗa kuwa, ko yana da shi amma shi ma fama yake, to yana cikin miskinan da zakkar amfanin gona ta hau kansu: buhu ɗaya cikin goma ga noman damina da ya kai nisabi, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da inji. Ƙasar Doguwa da Tudun Wada ba ta rasa masara da shinkafa ba. Abin takaici, sau da yawa buhunan nan sukan wuce gidan tsohuwar da ke makwabtaka, su tafi wajen wanda ake jin kunyarsa ko ake neman albarkarsa.

Saboda haka kafin kaka ta yi, limaman Juma'a na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su sa ɗaliban Islamiyya su bi unguwa-unguwa, tare da masu unguwanni, su rubuta sunan duk dattijo ko dattijuwa da ba mai dafa masa. Aikin littafi guda ne da biro. A miƙa wa manoma sunayen tun masara tana gona. Samarin da ke da awa guda ta kallon Badamasi kuma, a raba musu gidajen, kowane biyu gida ɗaya: ɗebo ruwa, share ɗaki, duba ko rufi yana yoyo, da raka Baba masallaci ranar Juma'a.