Ra'ayinmu: A Auna Kafin a Cike Fom

Duk shekara, da an fara sayar da fom ɗin JAMB, ofishin malamai kan koma wata 'yar majalisar shawara. Wannan ya zo da sakamakon 'yarsa, wancan da na ƙanen matarsa, ga kuma iyayen unguwa masu sallama bayan la'asar, domin a wurinsu duk wanda ake kira malam, ko aji biyu na firamare yake koyarwa, ya san hanyar jami'a. Tambayar ba ta sauyawa: yaron nan likitanci yake so a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, kuna ganin zai samu? Mu kuma sai mu ce da yardar Allah, mu sallame su. Ba ƙarya muka yi ba, amma ba mu sauke nauyin nasiha ba.

Mu fara da yawan masu nema. A shekarar 2024 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB. Kimanin uku cikin kowane huɗu ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu goma ba a faɗin ƙasar nan. A wannan shekarar maki 140 aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa, kuma a nan ne iyaye da yawa ke ruɗuwa. Uba ya ji ɗansa ya ci 220, sai ya ɗauka an gama, har ya fara lissafin kuɗin rajista. Wancan adadi izinin tsayawa a bakin ƙofa ne kawai. Hukumar kula da aikin likitanci ta ƙasa ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, guraben kaɗan ne, kuma daga sama ake fara ɗiba har su ƙare.

Game da rabon gurabe a jami'o'in tarayya, tsarin shi ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta tsantsa, kashi 35 ga 'yan jihohin da jami'ar ke yi wa hidima, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, wanda mafi yawan jihohin Arewa ke ciki. Mun sha jin abokan aiki na dogara da wannan kamar an ajiye wa ɗansu kujera. To, a Zariya ko Kano, wa yake takara da shi a wannan kaso? 'Yan'uwansa 'yan Arewa ne, cikinsu har da waɗanda suka fito daga makarantun sakandaren kimiyya da na kuɗi, masu ɗakin gwaje-gwaje da malamin Fiziks na dindindin.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu kayar da yaro mai ƙoƙari. Likitanci na buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kyamistare da Bayoloji, kuma galibi a zama ɗaya ake son su. Jami'ar da ake rububinta ba ta cika duba wanda ya sa ta a zaɓi na biyu ba. Ga jarrabawar tantancewa da jami'a ke yi da kanta, wadda ake haɗa makinta da na JAMB. Wanda kuma bai ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB ba, zai yi ta jira har zango ya wuce.

Mun san faɗin gaskiya a nan da nauyi. Wa zai dubi yarinyar da ya koya wa baƙi da wasali, ya ce mata makinta bai kai ba? Amma mun ga abin da shirunmu ke jawowa: yaro ya shekara uku yana sayen fom a kan kwas ɗaya, uba na cire kuɗin daga albashin da bai isa wata ba, sa'o'insa kuma suna gab da kammala digiri. Alhali JAMB na ba da damar sauya kwas ko jami'a bayan fitowar sakamako. Akwai shirin IJMB mai kai ɗalibi aji biyu na jami'a, akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Wanda makinsa ya yi kusa, kuma an ga yana ƙaruwa, ya sake gwadawa, ba mu hana ba. Wanda tazararsa ke da nisa, a zaunar da shi a nuna masa alƙaluma.

Sai masu zuwa da cewa sun san wani a ciki. Tun 2017 duk gurbin karatu na halal ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi, kuma ɗalibi da kansa yake karɓa ko ya ƙi. Wanda aka shigar ta bayan gida, matsalar na jiran sa ranar da zai nemi tafiya hidimar ƙasa.

Muna roƙon mambobi masu 'ya'ya a ajin ƙarshe na sakandare su zo taron reshe mai zuwa da sakamakon yaran na zangunan baya. Za mu nemi abokan aikinmu na sakandare masu koyar da kimiyya su zauna da mu, a duba na kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, tun ba a rufe rajista ba.