Kafin mu ce mai yawan ƙara ya taɓu

Akwai wata cuta da likitocin ƙwaƙwalwa na Jamus suka raɗa wa suna a ƙarni na 19: haukan yawan ƙara. Mai ita yakan ɗauka an zalunce shi, ya kama hanyar kotu, in ya faɗi ya ɗaukaka ƙara, har dukiya ta ƙare, iyali su watse, shi kuwa bai daina ba. Richard von Krafft-Ebing ya yi rubutu a kanta a 1879, Emil Kraepelin ya sa ta cikin littafinsa na koyar da likitoci, a Faransa kuma Sérieux da Capgras suka tattauna ta a 1909.

Cutar ba ƙarya ba ce, kuma masu fama da ita abin tausayi ne. Abin da ya kamata mu lura da shi, shi ne waɗanda suka fara gajiya da irin waɗannan mutane: alƙalai da ma'aikatan gwamnati, wato waɗanda ake kai wa kuka da waɗanda ake kuka da su. A Ingila ma, a 1896, doka aka kafa don rufe ƙofar kotu ga mai yawan ƙara, bayan wani lauya, Alexander Chaffers, ya addabi manyan ƙasa da shari'o'i.

Tarayyar Sobiyet ta nuna inda wannan hanya take kaiwa. Janar Pyotr Grigorenko ya soki shugabanni, ya tsaya wa Tatar na Kirimiya da aka kora daga ƙasarsu. A 1969 likitoci a Tashkent suka duba shi suka ce lafiyarsa lau. Sai aka kai shi cibiyar Serbsky a Mosko, aka ce son gyaran ƙasa da nacinsa alamun ciwo ne, aka kulle shi a asibiti har 1974. A 1977 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya ta yi tir da wannan ɗabi'a.

Ina ganin darasin ya shafe mu, malamai da iyaye. Uban da ya dawo lakkol sau biyar a kan sakamakon ɗansa, ko malamin da ya dage da rubuta takarda a kan albashin da ba a biya shi ba, nan da nan sai a ce "ai ba shi da cikakken hankali". Da zarar an faɗi haka, an huta da buɗe takardunsa.

Naci shi kaɗai ba hujjar ciwo ba ne, domin sau da yawa rashin amsa ne ke haifar da shi. A fara bincika kukan, a ba da amsa a rubuce kuma a kan lokaci. In akwai ciwo, likita ne zai faɗa, likitan da ba shi da hannu cikin rigimar. Wanda ake ƙara da shi bai cancanci ya yanke hukunci a kan hankalin mai ƙara ba.