GYARAN MAKEWAYI: A YI LISSAFI KAFIN A KIRA MAGINI

Ba sabon abu ba ne mutum ya shiga gidan ma'aikacin gwamnati ya tarar an fasa makewayi, an tara ɓaraguzai a tsakar gida, har wata uku aiki bai ƙare ba, iyali suna ta sintiri zuwa gidan maƙwabta. In an tambayi maigida sai ya ce magini ne ya tsere. In an sami maginin kuwa sai ya rantse kuɗi ne suka yanke. Galibi dai laifin guda ne, watau an fara aiki ba lissafi, ba kuma takarda.

Kowa ya san yadda kayan gini suka yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, alhali albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a watan Yuli na shekarar Naira 70,000 ne. A wancan farashi, albashin wata guda bai wuce buhu bakwai ba. Mai irin wannan samu ba shi da halin yin aiki sau biyu.

Saboda haka, kafin a ɗaga guduma, ya kamata maigida ya shiga kasuwa da ƙafarsa, ya ji kuɗin siminti da yashi da bututu da tayil da kan famfo, ya rubuta kowanne. Ya ware kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, domin haɗa su a jinga ɗaya shi ke sa a sayo kayan banza don a sami rara. A ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tayil saboda yanka da fashewa. A kuma ajiye kamar kashi 15 cikin ɗari na jimlar kuɗin a gefe, don ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin daɓe sai an fasa.

Babban kuskuren da muke yi shi ne zuba kuɗi a kan abin da baƙo zai gani, mu tsuke hannu a kan abin da za a binne. Tayil mai sheƙi ba ya hana wari. Bututun bayan gida sai ya kai inci 4, a kuma ba shi gangara yadda ƙazanta za ta wuce ba tsayawa. Daɓe ya karkata zuwa magudana. Kafin a rufe bututun ruwa da siminti a saki ruwa a ciki ya kwana, a ga ko yana yoyo. Uwa uba, masana kiwon lafiya suna ba da shawara a nisanta shadda da sokawe daga rijiya da misalin mita 30. Wannan ba zancen wasa ba ne. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, kuma ruwan da ƙazanta ta gurɓata shi ne babbar hanyarta.

Game da zaɓen ma'aikaci, masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Kada a ɗauki magini ko mai aikin famfo don surukin wane ne. A je a duba aikin da ya yi shekara guda da ta wuce, a tambayi mai gidan ko bango ya jiƙe da damina. Wanda ke da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ya nuna ta. A nemi ƙiyasi daga mutum uku, a kuma yi hattara da wanda ya fi karya farashi, domin araha ba ta ado.

In an daidaita, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: aikin da za a yi, ranar gamawa, da yadda za a biya. A ba da ɗan kafin alƙalami, saura kuma mataki-mataki, gwargwadon aikin da ido ya gani. Ma'aikatan gwamnati sun san cewa akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an tabbatar aikinsa ba aibu. To, me zai hana a yi haka a gida? Amma fa maigida shi ma ya ji tsoron Allah, in lokacin biya ya yi ya biya, domin magini da yawa ja musu rai ne ya kore su.

Ɗalibai kuma, musamman na kwalejojin fasaha, su taimaki iyayensu da awo da lissafi, tun da amfanin ilmi ke nan. Makewayi shi ne sirrin gida da lafiyar iyali, bai kamata a yi masa aikin gaggawa ba. Allah ya sa mu gane.